Hawan Keke a Titunanmu: Tambayoyi da Amsoshi

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, kekunan da suka shekara da shekaru a jingine a zaure suka fara fitowa titi. Malamin makaranta, ma'aikacin sakatariya, ɗan kasuwar da ya ajiye mashin saboda tsadar mai, duk sai ka gan su da safe suna taka feda. A Maiduguri ma abin ya riga haka, domin tun da aka hana hawa babur a 2011 keke ya zama abin hawan gari. Ni da keke nake zuwa aiki a Kano tun kafin wannan duka, shi ya sa maƙwabta da abokan aiki suke tare ni da tambayoyi. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa a nan. Abin da ya fi damuna, kuma za ku ga ina ta komawa kansa, shi ne yawancinmu a lungu muka koyi keke, da keken haya, muna yara. Mun iya tuƙawa, amma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana yadda ake shiga cikin motoci da shi.

Wane irin keke ya kamata in saya?

Fara da tambayar kanka: ina za ni da shi, me kuma zan ɗora masa? Idan buhu ne, ko jarkokin ruwa, ko itace, ko kayan gona, babu kamar babban baƙin keken nan na iyayenmu, irin su Raleigh na Ingila, Phoenix na Sin, da Hero da Avon na Indiya. Tayarsa inci 28 ce, birkinsa na sandar ƙarfe ne ba waya ba, kariyarsa tana ɗaukar nauyi, kuma duk ƙauyen da ka shiga za ka sami mai gyaran da ya san shi ciki da bai. Aibinsa nauyi, ga giya ɗaya tak, sannan birkinsa ba ya kamawa sosai idan rim ya jiƙe.

Mai zuwa aiki ko makaranta cikin gari, wanda hanyarsa rabi kwalta rabi ƙasa, keke mai giya mai faffaɗar taya ya fi masa, irin mai inci 26. Yana shanye ramuka, ba ya saurin nutsewa a yashi. Keken tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai kuwa akwai gudu, amma lalataccen titi ba ya raga masa, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim. Ba na ba mai farawa shawarar sayensa.

Wanda nake hana mutane saye kai tsaye shi ne keke mai arha da aka cika wa sifirin gaba da baya don ya ɗauki ido. Nauyi kawai sifirin ɗin yake ƙarawa, yana shanye ƙarfin da kake takawa, kuma ba a jimawa yake fara kuka.

Sabo ko na gwanjo?

Na gwanjo mai kyau ya fi sabo marar inganci, amma sai ka iya dubawa. Je da rana tsaka, kada ka yi ciniki da magariba. Bi jikin ƙarfen da ido da yatsa, musamman wuraren walda da ƙarƙashin wuya, inda ƙafar gaba ta haɗu da jiki. Idan ka ga tsaga, ko fenti ya tattare a wurin, keken ya taɓa cin karo, bar shi komai arharsa. Ɗaga kowace taya ka juya ta, ka sa ido tsakanin rim da robar birki. Idan rim yana rawa hagu da dama, akwai aiki a gabanka. Kama tayar ka girgiza ta gefe da gefe, ka yi wa feda haka. In ka ji motsi, boris ya ci. Sannan ka hau, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ka biya, tambayi mai gyaran unguwarku ko ana samun taya da tib na wannan girman a kasuwa. Akwai kekunan da ake shigowa da su waɗanda neman kayansu sai ka gaji ka jingine su.

Gwiwata tana ciwo bayan 'yar tafiya kaɗan. Me ya jawo?

Sau da yawa sirdi ne ya yi ƙasa. Mutane suna sauke shi don tafin ƙafarsu ya taka ƙasa suna zaune, sai gwiwa ta riƙa aiki a lanƙwashe. Hau keken ka dafa bango, ka ɗora diddige a kan feda, ka saukar da ita can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba, tsayin ya yi. Wajen tuƙi kuma da gaban tafin ƙafa ake takawa, sai gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Kada ka jawo sandar sirdin ta wuce layin da aka zana a jikinta.

Dalili na biyu shi ne giya mai nauyi. Wasu suna ganin jarumta ce su sa mafi tauri suna dannawa da ƙyar. Sa mai sauƙi, ƙafa ta riƙa juyawa da sauri, kamar sau 70 zuwa 90 a minti. Za ka fi nisa, gwiwa kuma ta huta.

Ba gara in fuskanci motoci ina ganinsu ba, da in bar su a bayana?

A'a. Wannan ita ce amsar da na fi so a riƙe a duk shafin nan. Dokar fuskantar motoci ta mai tafiya a ƙasa ce a hanyar da ba ta da wurin masu ƙafa. Keke abin hawa ne, hannun da mota take bi shi yake bi. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, Ghana a 1974, haka kuma ake yi a Nijar da Kamaru da Chadi.

Dubi lissafin. Mota tana gudun kilomita 50 a awa, kai kana 15. Idan hanyarku ɗaya, da bambancin 35 take iso ka, direba yana da lokacin ganinka ya kauce. Idan kun fuskanci juna, 65 ne, lokacin ya ragu, ƙarfin karon ya ƙaru. Amma babban haɗarin ma ba nan yake ba, yana bakin layuka. Direban da ya fito daga layi zai shiga babban titi ya yi dama, hagunsa yake kallo, domin daga can motoci suke zuwa. Mai keken da ya bi hannun da ba nasa ba daga dama yake ɓullo masa, inda ba ya tsammanin kowa.

Na gani a kaina. Wata safiya na makara, sai na ce maimakon in je can gaba in zagayo, bari in yanke ta ɗaya hannun, ai ba nisa. Ina cikin tafiya wata mota ta leƙo daga layi. Ina tuna abu ɗaya sarai: ƙeyar direban nake gani da bayan hularsa, ya juya gaba ɗaya yana jiran motocin hagu su wuce. Da ya sami sarari sai ya taka mai bai waiwayo ba. Gaban motar ya ɗauki tayata ta gaba, na faɗa kan bonet, rim ya naɗe kamar faifai. Allah Ya tsare, gurjewa kawai na yi a hannu. Mutumin ya fito jikinsa na rawa yana ta salati, alhali ba shi da laifi ko kaɗan. Tun daga ranar ban sake ba, komai nisan zagayen.

To a ina zan tsaya a titin? In manne da gefe?

Kada ka manne. Can bakin kwalta ne yashi yake taruwa, da fasassun kwalabe, da ƙusoshi, ga kwatar da ba murfi. Bar kamar mita ɗaya tsakaninka da gefen, don in wani abu ya taso ka sami wurin kaucewa. Mai manne wa gefe yana kuma ba direbobi ƙwarin gwiwar matse shi a wurin da bai isa mutum biyu ba. Ka yi tafiya a miƙe, ba yau kana nan gobe kana can ba. Direban bayanka ya iya karanta inda ka nufa.

Motocin da aka faka su ma a ba su mita ɗaya, saboda ƙofar da za a buɗe ba a duba ba. Sai 'yan adaidaita sahu, waɗanda suka cika titunan Kano tun da aka hana acaɓa a farkon 2013. Mai adaidaita idonsa yana kan fasinja, da an ɗaga masa hannu zai yanko dama ya tsaya cak. Saboda haka ni ba shi kaɗai nake kallo ba, ina kallon mutanen da ke tsaye a bakin titi. Da na ga wata ta ɗaga hannu can gaba, na san wanda yake gefena zai karyo, sai in sassauta tun kafin ya motsa. Kada ka bi bayansu daf da daf, kuma kada ka kama jikinsu su ja ka.

Yaya zan yi da tirela da tifa?

Nisanta. Direban babbar mota yana zaune can sama, akwai wurare a gefensa na dama da daf da gabansa da ba ya gani sam. Idan ba ka ganin fuskarsa a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Wuri mafi muni shi ne tsakanin babbar mota da gefen titi a mahaɗa. Tirela idan za ta yi dama sai ta fara buɗewa hagu, ka ga kamar an bar maka hanya, sannan ta karyo, tayoyin baya su share wurin da kake. Ko tana tsaye a danja kada ka kutsa ta nan. Tsaya a bayanta, ka bar ta ta tafi.

A babbar hanya, irin ta Kano zuwa Zariya, iskar da tirela take turowa idan ta wuce da gudu tana iya ture ka, sannan ta jawo ka. Riƙe kan keke da hannu biyu, in da hali ka sauka daga kwalta har ta wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Mu ne ba mu da ƙarfen da ya kewaye mu.

Juyawa hagu da shiga shataletale suna ba ni tsoro.

Da farko ka koyi waiwaye ba tare da keken ya karkace ba. Sami fili, ka ja layi a ƙasa, ka riƙa bi kana leƙa bayanka ta kafaɗar hagu har hannunka ya daina bin wuyanka. A titi kuma tsarin shi ne: waiwaya, miƙa hannu sosai wajen da za ka, sake waiwayawa, sannan ka motsa. Miƙa hannu sanarwa ce, ba ta ba ka hanya. Sai ka ga direban ya rage gudu ko kun haɗa ido.

Idan titin mai layi biyu ko uku ne kuma motoci suna gudu, kada ka ratsa su. Miƙe ka tsallake mahaɗar a hannunka na dama, ka tsaya, ka juya keken ya fuskanci inda za ka, ka jira a ba wannan hannun. A shataletale a Najeriya wanda yake ciki shi ke da hanya, wato mai zuwa daga hagunka. Kula da motar da za ta fita ta gabanka. In shataletalen ya fi ƙarfinka, sauka ka tura ka tsallaka da masu ƙafa. Ni ma akwai wuraren da har yau haka nake yi da yamma.

Ina ganin hanya da dare, dole ne sai na sa fitila?

Fitilar keke ba don ka gani kaɗai ba ce, don a gan ka ne. Direban da fitilun motocin gabansa suka kashe wa ido ba zai ga mutum da baƙar riga a kan baƙin keke ba sai ya zo kansa. Fara a gaba, ja a baya. Yanzu akwai ƙanana masu caji irin na waya, ba tsada. Tsohuwar fitilar nan da taya take juyawa tana da kyau, sai dai da ka tsaya take mutuwa, a mahaɗa ke nan, inda ka fi bukatarta. Ƙara da abin da yake ƙyalli idan haske ya doke shi, a feda ko a idon sawu, domin abu mai motsi ya fi saurin jan ido. Lokacin hunturu da hazo ya sauka, kunna ta ko da safe ne. Fitar sallar Asuba ma dare ce.

Hular kwano fa? Mutane za su yi ta kallona.

Za su kalla kwana biyu su saba. Hular keke tana da kumfa mai tauri a ciki wanda yake murƙushewa ya shanye bugun maimakon ƙoƙon kai. Ba za ta cece ka daga tirela ba, amma yawancin faɗuwa ba ta tirela ba ce: yashi ne a kwana, rami ne, akuya ce ta gitta, kai ya bugi kwalta ko bakin kwata. A nan take aiki.

Ta zauna daidai, gabanta kamar yatsa biyu sama da gira, ba a tura ta ƙeya ba. A ɗaure igiyar yadda yatsa ɗaya ko biyu ne kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Wadda ta taɓa shan bugu ta gama aikinta ko da ba ka ga tsaga ba, shi ya sa nake shakkar ta gwanjo. Hular magina ba ta maye gurbinta, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama. Hularka ta zanna kuwa sa ta a jaka, in ka isa ka ɗora abarka.

An ce birkin gaba yana kifar da mutum, shi ya sa na cire nawa.

Mayar da shi yau. Idan ka ja birki nauyinka gaba yake tafiya, saboda haka tayar gaba ce take da mafi yawan ƙarfin tsayarwa. Ta baya kuwa, in aka matsa birkinta da ƙarfi, ja kawai take yi a ƙasa. Abin da yake kifar da mutum shi ne fizgar birkin gaba lokaci ɗaya. Matsa duka biyun a hankali kana ƙarawa, ka miƙe hannuwa, ka ja mazauninka baya. Gwada a fili har hannunka ya saba, kuma ka tabbatar wane hannu ne na gaba a kekenka, don ba duka suke ɗaya ba. A kan yashi ko laka ko tsakiyar kwana ne ake sassauta wa na gaba.

Ka tuna in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninki huɗu yake yi. Da damina kuma robar birki sai ta share ruwan rim kafin ta kama, don haka fara ja da wuri. Robar da ta cinye a canza ta. Masu tsayar da keke da silifa a kan taya, don Allah a bari.

Kullum ina wurin mai faci. Ina mafita?

Faci da yawa daga rashin iska ne. Taya mai laushi idan ta faɗa rami, rim yana cizon tib ya bar ƙananan huji biyu a jere. Adadin iskar da taya take so yana rubuce a gefenta; in ba ka da ma'auni, danna da babban yatsa, kada ta lotsa sai da ƙyar. Duba duk bayan kwana biyu ko uku. Sauran kuma ƙaya ce da tsidau da guntun waya.

Ka tsaya ka kalli mai faci na kirki sau ɗaya, za ka koya. Yakan zare tib ya ba shi iska, ya bi da shi cikin kwanon ruwa kaɗan-kaɗan har ya ga inda kumfa take tasowa, ya soka tsinke a hujin don kada ya ɓace masa. Sai ya goge ruwan, ya kankare wurin har ya yi kaushi, ya shafa sholisho siriri, sannan ya ajiye ya jira. Wannan jiran shi ne sirrin. Sai sholishon ya daina ƙyalli ake manna facin a danne shi sosai. Mai gaggawa da ya manna a jiƙe, gobe za ka dawo. Abu na ƙarshe da yake yi, wanda da yawa suke mantawa, shi ne ya zagaya cikin tayar da yatsa a hankali ya nemo ƙayar da ta jawo abin. In ta rage a ciki, kafin ka kai gida ta sake hudawa.

Idan hujin ta ɓangaren rim yake, duba robar da take rufe kawunan wayoyin ƙafar, wataƙila ta tsinke. Mai tafiya mai nisa ya riƙe famfo da tib ɗaya a jaka.

Baƙin mai ya isa a zuba wa sarƙa?

Baƙin man da aka juye daga inji cike yake da datti, kuma a ƙurarmu yana zama kamar ƙullun yashi da yake cin sarƙa da haƙora. Goge sarƙar da tsumma da ɗan kananzir, ta bushe, ka ɗiga mai mai tsabta marar kauri, irin na keken ɗinki, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa. Juya feda baya, sannan ka goge na saman duka. Wanda ya shiga ciki shi ne mai amfani. Da hunturu a yi haka duk mako, da damina kuma duk bayan dukan ruwa. Kada mai ya taɓa rim ko robar birki.

Zan iya hawa da kaftani ko babbar riga? Mata kuma fa?

Kaftani ba matsala, a tattare gabansa a zauna a kan bayansa. Ƙafar wando ta dama a naɗe ta ko a ɗaure da roba. Babbar riga gara a ninke ta a kariya, domin hannunta yana iya shiga tayar baya. Ga mata, keken da ba shi da sandar sama ya fi sauƙin hawa da sauka. 'Yar'uwa, hijabi mai tsawo ki tattare shi ki zauna a kai ko ki sa matsakaici, ki sa wando a ƙarƙashi, a kuma sa wa keken murfin sarƙa da ragar da take rufe saman tayar baya. Hijabin da taya ta naɗe wuya yake ja, ba ƙaramin abu ba ne.

Goyo da ɗaukar kaya?

Kaya a kariya, a ɗaure tamau da roba, nauyin ya daidaita hagu da dama. Kada a rataya leda a kan keke tana lilo kusa da tayar gaba. Itace ko rodi da ya fito gefe sosai yana sa mota ta taɓa ka ba ta sani ba.

Goyon yara ne ya fi tayar mini da hankali. Yaro yana zaune a kariya ƙafafunsa suna reto, ya gaji ko barci ya ɗauke shi, diddige ya shiga cikin wayoyin taya. Raunin yana da muni, yakan kwashe fata har ƙashi. Duk mai kai yaro makaranta a keke ya sa wurin ɗora ƙafa, ya rufe gefen tayar, ya sa wa yaron takalmi rufaffe. Yaro ɗaya, ba uku ba.

Zafin bazara da azumi fa?

A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Yamai. Iskar da take kaɗa ka a kan keke tana busar da gumi, sai ka ɗauka ba ka rasa ruwa ba. Riƙe gora, ka riƙa kurɓa kafin ƙishi ya kama ka. Idan fitsari ya yi ja, ruwa ya yi ƙaranci. Bayan doguwar tafiya, lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri tana mayar da abin da aka zubar. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya: sauka ka nemi inuwa. Wanda ya fara ruɗewa ko sambatu jikinsa ya yi zafi rau, a jiƙa shi da ruwa a yi masa fifita, a garzaya asibiti.

Da azumi a tafi a hankali, a fita da sassafe, a guji tsakanin azahar da la'asar in da hali. Mai motsa jiki ya matsar da shi zuwa daf da shan ruwa ko bayan tarawihi, da fitila.

Na daɗe ban hau ba. Ta ina zan fara, kuma yaya zan ƙara ƙarfi?

Sannu ba ta hana zuwa. Minti 15 zuwa 20, sau uku a mako, da gudun da za ka iya hira ba ka haki. Duk mako ka ƙara kaɗan. Ciwon mazauni na makon farko yana wucewa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Wanda yake minti 15 zuwa aiki, 15 dawowa, kwana biyar, ya cika ba tare da ya ware lokaci ba. Kafin ranar farko ta zuwa aiki, bi hanyar ranar hutu ka san ramukanta, ka kuma nemi layukan cikin unguwa ko da sun ɗan fi nisa. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ya fara shawartar likitansa.

Bayan wata biyu, mai son ƙari ya sa doguwar tafiya ɗaya a mako, da rana ɗaya ta gudu: minti biyu da ƙarfi, minti uku a hankali, sau biyar. Ranar hutu tana cikin horon, a nan jiki yake ginuwa. Matasan da suke sha'awar tsere su san ba wasan Turawa kaɗai ba ne. Burkina Faso tana shirya gasar Tour du Faso tun 1987. A 2024 Biniam Girmay na Eritiriya ya ci matakai uku a gasar Tour de France ya ɗauki koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki, kuma a shekarar Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik, a Paris.

Gaskiya ne keke yana kawo basir ko rage ƙarfin namiji?

Keke ba ya haifar da basir, amma mai shi zama a sirdi mai tauri zai iya tsananta masa. Abin da yake faruwa ga wasu shi ne sirdin da hancinsa ya ɗaga sama yana danne jijiyoyin da ke tsakanin cinyoyi, wurin ya mutu kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Daidaita sirdin ya kwanta sosai, ka zauna a kan ƙasusuwan mazauni, ka riƙa miƙewa a kan feda lokaci-lokaci. Idan abin bai daina ba, canza sirdi, ka ga likita.

Yaya zan koya wa yarona?

Ba shi keke daidai jikinsa, ba na babansa da zai zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda ba. Cire fedojin, sauke sirdi har ƙafafunsa su taka ƙasa, ya riƙa turawa yana ɗagewa. Da ya iya tsayuwa a kai da jan birki, mayar da feda. Sauran aikin shi ne wanda mu ba a yi mana ba: hau naka ka bi shi a baya a layin unguwa, kana gaya masa tsaya a nan, duba hagu, duba dama, sake duba hagu. Yaron da bai kai shekara goma ba bai gama iya auna gudun mota ba, kada a aike shi babban titi shi kaɗai.

In haɗari ya faru fa, Allah Ya kiyaye?

A fara tsayar da motoci don kada a ƙara wani. Wanda yake kukan wuya ko baya, ko ba ya iya motsa ƙafa, kada a ciccibe shi kamar buhu. A riƙe kansa a miƙe. Jini a danne shi da tsumma mai tsabta. Gurjewa a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ban da man birki ko fetur ko ƙasa, a kuma tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus. Wanda ya bugu a ka, ko ya miƙe ya ce lafiya lau, a sa masa ido: amai, barci mai nauyi, ruɗewa ko ciwon kai mai ƙaruwa, asibiti nan take. A Najeriya lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122. A rubuta lambar motar tun kafin taro ya watse.

Ta yaya zan kare shi daga ɓarayi?

Ƙaramin makullin nan da yake kama tayar baya tuƙawa kawai yake hanawa, ba ya hana a ɗauka a saka a adaidaita. Nemi sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau, ka zura ta cikin jikin keken da tayar baya, ka ɗaure da abin da ba ya tumɓukuwa. In tayar gaba kaɗai ka ɗaure, ita za ka tarar. A ƙofar masallaci da bakin kasuwa, inda aka fi cewa ai yanzu zan fito, a nan aka fi ɗauka, don haka kulle ko na raka'a biyu ne, ko ka ba masu ajiya ka karɓi kati. Fitilu masu cirewa ka tafi da su a aljihu. Yawancin kekuna suna da lamba a ƙarƙashi, wurin da feda take juyawa. Kifa shi ka ɗauki hotonta da na keken gaba ɗaya, ka ajiye tare da rasit.